Gwaggo Mai Jan Biro

Ranar da muka fara zaman makokin Gwaggo, 'yan gora, 'yan sa-kai masu tsaron gari, su ne suka tsare bakin lungunmu a unguwar Moduganari. Duk macen da ta zo sai ta tsaya daga nesa, ta ware lafayarta, ta ɗaga hannu, kafin a bar ta ta wuce. Ba wadda ta yi ƙorafi. Shekarun nan sun koya mana tsoron taro, ko da na gaisuwar mutuwa ne. Masu cewa "Nda kanadi" da Kanuri suna faɗa, masu cewa "Ya haƙuri" suna faɗa, mu kuma muna amsawa da ido a kan ƙofa.

Tsohuwar abokiyar aikinta, Kirista 'yar kudancin jiha, ta taso tun daga unguwar Jiddari Polo da ƙafarta mai ciwo. Ta zauna kusa da ni, ta kama hannuna, tana ta kuka. Baba, ƙanin marigayiya, yana waje cikin maza, an ce tun da aka dawo daga maƙabarta bai ɗaga kai ba. Wata maƙwabciyarmu ta gama shafa addu'a ta ce, "Allah ya jiƙan Hajja. Mutuniyar kirki ce, sai dai ba ta duban idon kowa." Wata daga bayan ɗaki ta amsa, a zatonta a hankali take magana, "Ɗana har yau yana zaune a gida saboda jan biron nan nata." Aka ce mata ta yi shiru, gidan rasuwa ne. Ni dai na sunkuyar da kai, don na taɓa faɗa wa Gwaggo abin da ya fi wannan muni, ido da ido.

Ana cikin haka tayar wata Keke mai ƙafa uku ta fashe a kan titi. Kafin ka ce me, tsakar gida ta watse, takalma ko'ina, wata tsohuwa ta faɗa kan tulun ruwa. Da aka gane taya ce aka dawo aka zazzauna, ba wanda ya yi dariya. A nan na yanke shawarar zan rubuta abin da na sani game da ita, kafin maganar ta rage a bakin masu jin haushinta kaɗai.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta raine ni tun ina shekara huɗu. Ta yi aure, mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Aikinta ɗaya ne tun ƙuruciya: akawu a ofishin gwamnatin jiha da ke kula da shigar ɗalibai manyan makarantu. Da tafireta ta fara, har aka kawo kwamfuta ta koya da yatsu biyu. Duk fayil ɗin da zai hau teburin Darakta sai ya bi ta hannunta. Tana da tabarau da ta ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, da jan biro da take soke shi a gefen ɗankwali. Takardun ofishin nan har ƙamshin turaren wutarta suke yi. Hausarta tsaf take, amma idan ranta ya ɓaci sai Kanuri ya taso mata, mace ta koma "shi", namiji ya koma "ita". Da mun ji haka a gida, kowa sai ya nemi wurin zama.

Tsarin da take tsaro mai sauƙi ne. A makarantun jiha, ta nas-nas da kwalejin horon malamai da sauransu, kowace ƙaramar hukuma tana da nata gurbin, don kada 'ya'yan birni su cinye komai. Mai nema zai kawo sakamakon jarrabawa da takardar shaidar asali, wadda muke kira indijin. Idan wa'adi ya cika wata ƙaramar hukuma ba ta cike nata ba, sai a mayar da ragowar hannun ofis, a raba yadda aka ga dama. Gwaggo kan ce, "Gwamnati uwa ce. Uwa ba ta ajiye abinci a tsakar gida ta ce mai ƙarfi ya ɗauka." Ba ta da wata magana da ta fi maimaitawa kamar tambayar nan tata: "Rabon wa?" Ko nama ta ga ka miƙa hannu za ka ƙara, sai ka ji ta.

Da rikici ya yi tsanani, ma'aikatan gwamnati suka fara ɓoye katin aikinsu a cikin takalmi. Masu aikin ilimi su suka fi shiga uku, don su ne mutanen daji, masu tayar da ƙayar baya, suke nema. Gwaggo ta daina sa lafaya mai kyau, ta koma fita da tsohuwa, da kwandon cefane a hannu, kamar mai zuwa kasuwa. Wata safiya ta tarar da takarda an zuro ta ƙarƙashin ƙofa, an rubuta cewa an san inda take aiki, ta bari ko ta gani. Baba ya zo hankali a tashe ya ce, "Yaya, ki ajiye aikin nan. Abinci ba zai gagare mu ba." Ta gyara tabarau, ta sake karanta takardar, ta ce, "Wanda ya rubuta wannan ya yi makaranta. Dubi yadda ya ja layi." Ta ninke ta, ta sa a fayil, ta tafi ofis. Sai daga baya na lura ta daina bin hanya ɗaya kwana biyu a jere, kuma duk lokacin da aka buga ƙofa sai ta ɓoye hannunta a cikin zane kafin ta amsa.

A shekarar ne 'yata ta fari ta gama sakandare da sakamako mai kyau. Tun tana ƙarama ba ta da buri sai aikin nas. Gurbin birni kuwa ya cika maƙil, masu nema sun ninka wurin. Amma guraben garuruwan da aka watsa suna nan wayam. Mutanensu suna sansanonin gudun hijira, takardunsu sun ƙone, an katse layin waya, sanarwar kuma a allon ofis aka manna ta. Kowa a gari ya san hanyar da ake bi. Mijina ya samo mana indijin na wata ƙaramar hukuma da ba mu taɓa taka ta ba, da hatimi da sa hannu. Na ɗauki 'yata da takardar muka tafi gidan Gwaggo bayan la'asar.

Ta karɓa, ta ɗaga ta sama ta duba, ta juya wajen yarinyar.

"Ke, garin nan naku, wace rana kasuwarsa take ci?"

'Yata ta juyo ta dube ni.

"Wa ye Lawaninku, mai garin?"

Na ce, "Gwaggo, kin san gaskiyar magana. Kowa haka yake yi. In ba mu ɗauka ba, 'ya'yan manya ne za su ɗauka. Mutanen garin ba za su zo ba."

Ta ce, "An gaya musu ne suka ƙi zuwa?"

Na roƙe ta. Na tuna mata yadda yarinyar take karatu da fitilar hannu, yadda ta rubuta jarrabawa ana jin harbi daga bayan makaranta. Ta ce duk ta sani, ita ma jikarta ce. Ta miƙo mini takardar ta ce, "Ba zan kai ƙarar kowa ba. Amma in wannan ta hau teburina, zan ja mata biro."

Sai na faɗi abin da har yau nake jin ɗacinsa a harshe. Na ce, "Da kin haihu, da kin san zafin abin."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta cire tabarau ta ajiye a cinya, ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Ɗauki takardarka. Tafi da shi gida, magariba ta kusa, za a rufe hanya."

Mako biyu ban taka gidanta ba. Wata safiyar Asabar sai ga ta a ƙofarmu da kwandonta. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba. Ta ce, "Idona ba ya ganin ƙananan layi. Sa mayafinki, ina neman mai rubutu." Na leƙa kwandon. Yakuwa ce a sama da kuɓewa, a ƙasa kuma fom-fom ne da ta ɗebo daga ofis. Na bi ta, ba don na huce ba, sai don ban taɓa iya ce mata a'a ba.

Mun fara da wata makarantar sakandare da aka mayar sansani. A cikin azuzuwa iyalai suke kwana, an raba ɗaki da buhuna da tsofaffin zannuwa. Gwaggo ta nemi Bulaman mutanen, wato mai unguwarsu, ta zauna a ƙasa gabansa ta yi masa bayani da Kanuri: gwamnati ta ware wa 'ya'yansu wuri, saura kwana goma a rufe. Ya ce shi bai taɓa ji ba. Aka fara kiran samari da 'yan mata. Wasu sun zo da takarda rabi a ƙone, wasu ba komai a hannunsu. Wata doguwar yarinya ta ce sakamakonta ya ƙone tare da gidansu, amma ta haddace lambar jarrabawarta. Ta karanto ta ba gargada, na rubuta. Wanda ba shi da indijin, Gwaggo ta sa Bulama da dattawa biyu su shaide shi su dangwala yatsa. Daga nan sai mu taka zuwa ɗakin haya da sakatariyar ƙaramar hukumarsu ta koma a cikin gari, mu jira a buga hatimi.

Bulaman ne ya ce mana akwai wasu iyalansu da suka sauka wajen dangi a Khaddamari, cikinsu har da yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a makarantar garinsu. Na ce, "Gwaggo, wannan kam ya wuce gari. Hanyar ba ta da tabbas." Ta ce, "Da safe za mu je, kafin azahar mun juyo."

Mun shiga wata tsohuwar mota, mu bakwai. A shinge na ƙarshe kafin fita gari aka sauke mu duka. Wani ɗan gora mai furfura a gemu ya sa sanda ya ɗaga yakuwar. Ya ga takardu masu tambarin gwamnati, ya zaro ɗaya ya karanta, ya dube mu.

"Hajja, kin san abin da kika ɗauko? In waɗancan suka tare motar nan suka ga wannan, ba ke kaɗai ba, duk wanda ke ciki ya tafi."

Sauran fasinjojin suka ji. Wani mutum ya ce shi ba zai shiga mota ɗaya da mu ba. Direba ya fara ba mu haƙuri, yana cewa mu nemi wata. Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta juya bayan wata bishiya, ta kwashe takardun, ta ɗaure su a cikinta da ɗankwali ƙarƙashin lafaya. Ta dawo ta miƙa wa ɗan goran kwandon ta ce, "Duba, ganye ne." Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce wa direba, "Ku tafi." Mutumin nan bai shiga ba. Tun daga nan har Khaddamari idona yana kan ciyayin gefen hanya, bakina yana motsi da duk addu'ar da na sani.

Mun sami gidan. Mahaifin yarinyar dattijo ne siriri, yana zaune a inuwar zana yana gyaran fartanya. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "Sunan 'yata ba zai hau takarda ba." Ya ce yayanta ɗalibi ne a kwaleji. Ranar da mutanen daji suka shiga garinsu, da jerin sunaye suka zo, ana kira ɗaya bayan ɗaya. Bai ƙarasa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Yarinyar tana tsaye a bayan zana, ina hango ƙafafunta.

Na zaci Gwaggo za ta kawo masa hujja. Ba ta kawo ba. Ta ce, "Ba zan ce maka babu haɗari ba, Malam. Ni ma an zuro mini takarda har gida. Abin da na zo faɗa maka kawai, akwai wuri da sunan garinku, kuma in ba ta zauna ba, wani zai zauna ya ce shi ɗan garinku ne. Ba na so a yi haka ba ka sani ba." Ta ajiye fom ɗaya a kan tabarma, ta ɗora dutse, muka yi sallama. Lokaci yana tafiya, direba yana ta danna ham.

A mota na kasa haƙuri, na ce mata ta yafe mini maganar da na faɗa. Tana kallon waje ta ce, "Na yafe tun ranar. Amma maganar ta shiga, kuma ba ta fita ba." Ba mu sake tayar da zancen ba har ta bar duniya.

Ranar da wa'adi zai cika na raka ta ofis, don fayilolin sun yi mata nauyi. Muna isa muka tarar da dattijon nan na Khaddamari a bakin ƙofa, shi da 'yarsa, fom ɗin a naɗe cikin leda. Ya miƙa mata.

Na zauna a benci a waje, ƙofar Darakta ba ta rufu sosai ba. Na ji yana cewa, "Hajja, wa ya aike ki? Wannan ba aikin akawu ba ne. Kuma ƙa'ida ta ce ta intanet za a cike."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wace intanet? Layin waya ma babu. Ga takardar umarnin nan, ni na buga ta. Ta ce kowace ƙaramar hukuma da rabonta. Ba ta ce sai wadda gidanta bai ƙone ba."

Ya rage murya. Ya ce ita ba ta san irin matsin da yake ciki ba, aljihun teburinsa cike yake da 'yan takardu daga manya, kowanne da sunan ɗansa. Ya ce shi ma yana da iyali. Na ji tausayinsa, don muryarsa ta mai tsoro ce. Sai na ji Hausar Gwaggo ta zame. "Wannan yarinya, ubanta ta kawo shi daga Khaddamari da ƙafarta! In za ka ƙi, ka rubuta a nan cewa ka ƙi, ka sa hannu, in sa a fayil." Masinja da ke kusa da ni ya tashi ya bar wurin.

Ba duka aka karɓa ba. An ɗauki masu lambar jarrabawa da hatimin sakatariya, har da yarinyar Khaddamari da doguwar nan mai hadda. Sauran aka ce takardunsu ba su cika ba. Guraben da suka rage suka koma hannun ofis, aka raba su yadda aka saba. Wata bai cika ba aka ɗauke Gwaggo daga teburinta aka kai ta ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, inda ba mai shiga sai ɓera. A can ta ƙarasa shekarunta na aiki. Shekarar da ta biyo baya ban ji wani daga ofishin ya je sansani ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, gurbin da aka hana 'yata, 'yar wani babba ce a cikin gari ta samu. Na je na gaya wa Gwaggo, ina jiran in ga ta ji kunya. Ta ce, "Na sani. Kafin a ɗauke ni, ni na buga jerin ƙarshe. Da yatsuna na buga sunanta." Na ce, to me aka yi ke nan? Ta ce, "Waɗanda suka shiga sun shiga." Na daɗe ban gamsu da amsar nan ba, kuma ba zan ce yau na gamsu gaba ɗaya ba. Abin da na gane dai shi ne, takardar gwamnati daidai take, ba ta da ƙafa ne kawai. Sai da wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ta ara mata tata, ba da izinin kowa ba.

'Yata ta yi shekara guda a gida. Daga baya ta samu kwalejin horon malamai da gurbinmu na birni, yanzu tana koyarwa a firamare. Aikin nas ya wuce ta. Tana gaida Gwaggo ranar Sallah, gaisuwa ta fatar baki, ba ta zama.

Da ciwon Gwaggo ya yi nauyi, na matsa wa yarinyar muka je tare da hantsi. Mun same ta a kwance, ta rame, idonta dai yana nan da kaifinsa. Ta kira ta da hannu ta zauna a bakin gado. Ta tambaye ta yara nawa ne a ajinta, ko akwai 'yan sansani a ciki, ko suna da littafi. Yarinyar tana amsawa a taƙaice. Can sai Gwaggo ta ce, "Kin yafe mini?"

Na ƙura wa 'yata ido, ina roƙon ta da fuska. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kaka, ina ƙoƙari. Ban gama ba."

Gwaggo ta yi 'yar dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Madalla da ba ki yi mini ƙarya ba. Amma ki ɗan yi sauri, ni ba ni da lokaci."

Kwana huɗu bayan haka ta cika, da rana tsaka, kanta a cinyata. Da aka zo wanka, ba wanda ya kira 'yata. Ita ta shigo da kanta, ta naɗe hannun riga, ta karɓi butar daga hannun maƙwabciya. Ita ta zuba ruwan tun daga farko har ƙarshe, a hankali, tana tare shi da tafin hannu kada ya shiga idon Gwaggo. Ko ta gama yafewar ko ba ta gama ba, ban tambaye ta ba har yau.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka. Ka san abin da ta hana da dalilin da ya sa ta hana, ka san tsoron da ta ɓoye a cikin zane ta fita. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata makwanci, ka sanyaya zukatan waɗanda suka ji zafinta, har da mu na cikin gida. Ka dawo mana da zaman lafiya a ƙasar nan, mu kuma ka sa mu cika da imani. Amin.